Tagar Karɓar Fushi

Yayana ya yi shekara talatin da ɗaya a bayan wata 'yar taga a asibiti yana ba marasa lafiya kati. Aikinsa ke nan: ya miƙa kati, ya ɗaga murya ya ce, "Na gaba!" Tun yana faɗa a wurin aiki har ya dawo yana faɗa a gida, ko abinci aka ajiye masa sai ka ji ya ce na gaba. Shi ya sa duk layinmu ba wanda ya ƙara tuna sunansa, Na-Gaba kawai. Ni ƙaninsa ne, kafinta, shagona na manne da gidansa. Don haka abin da zan ba ku ba ji na yi ba, da idona na gani, wani ma a kaina ya sauka.

Sati biyu da yin ritayarsa ya shigo shagona, ya ture min katako, ya zauna ya harɗe ƙafa.

"Kafinta, ka san abin da ke kashe aure?"

"Mutum ya yi ritaya ya rasa abin yi," na ce.

"Ba ka yi karatu ba, ba zan ga laifinka ba. Rashin layi ne. Miji na fushi, mata na fushi, 'ya'ya na kuka, duk a lokaci ɗaya. Wa zai ji wa? Ni mutum ɗari biyu nake sallama a rana, mai ciwon haƙori, mai naƙuda, wanda kare ya ciza. Ka taɓa jin an yi dambe a gaban tagata?"

"Sau uku ina zuwa ina tarar da ana yi."

"Wannan a wajen layi ne. A cikin layi ba a taɓa yi ba. Ba ni zarto."

Na tambaye shi me zai yanka. Ya ce taga zai buɗe a ƙofar ɗakin ajiyar nan mai kallon titi, daga yau duk mai fushi ko kuka a gidansa sai ya karɓi kati ya bi layi. In ya gama da gidansa kuma zai gyara auren unguwa kakaf, kyauta, don Allah. Na ce to ya ba ni awo in yanka masa, tunda sana'ata ce.

"Awon yana cikin kaina," in ji shi. "Tagar da na zauna a bayanta tun kana wasan ƙasa ce za ka koya min faɗinta?"

Ya yanka. Wallahi ban taɓa ganin taga irin wannan ba: sama faɗi, ƙasa tsuke, gefe ɗaya kamar ɓera ya gwaguya. Ya yi mata marfin katako mai zamowa daga sama, ya tokare shi da ƙusa guda ɗaya tal. Ya ɗauke bencina ba tambaya ya girke a gaba. Sannan ya yanka kwali kala uku: ja na fushi, shuɗi na baƙin ciki da kuka, kore na farin ciki. Ya rubuta a bango da gawayi cewa ana buɗewa ƙarfe takwas, hutu sha biyu zuwa ɗaya, a tashi ƙarfe biyu, kowa minti uku. Ya kawo agogo mai ƙararrawa ya ajiye kusa da gwiwar hannunsa.

To, kwalin nan da me ya yanka shi? Da almakashin matarsa. Maman Auta tela ce, kuma duk wanda ya taɓa zama da tela ya san gara ka taka mata ƙafa da ka taɓa almakashin yankan yadinta. Ta fito da shi a hannu, ta gwada a kan ƙyalle, ƙyallen ya lanƙwashe ya ƙi yankuwa.

"Malam! Wa ya..."

"Zagayo ta taga."

"Ta me?"

"Ta taga. Na ga alama ja kike buƙata."

Ta zagayo, don tana son ganin iyakar abin. Ya miƙo mata jan kati mai lamba ɗaya, ya ce ta zauna a benci.

"Ai ni kaɗai ce a nan."

"Ba a ganin mutum da zuwansa. Sai ya zauna tukuna. Haka tsarin yake."

Ta dubi katin, ta dube shi, ta dube ni. Ta koma ciki da katinta. Bayan minti arba'in ya buga tebur ya ce, "Na gaba!" Shiru. Ya leƙo yana washe baki.

"Ka gani, Kafinta? Ta warke tun kafin a zo kanta."

Ni kuwa da yamma na shiga karɓar ruwa na ga ta buɗe gwangwanin maɓallanta, ta shimfiɗa jan katin a ciki a hankali kamar mai kwantar da jariri, ta rufe. Na ce a raina, Yaya, Allah ya jiƙanka da rai. Kullum sai ta karɓi sabo. Kullum ba ta amsa kira. Kullum shi kuma yana zagaya unguwa yana cewa rabon da a ɗaga murya a gidansa tun ranar da ya buɗe taga.

Mutane kuwa ba su da aiki. Kafin sati ya zagayo benci ya cika. Akwai wata tsohuwa a ƙarshen layinmu da kowa ke kira Gwaggo, ita tun bakwai da rabi take zuwa, don bencin na da inuwa kuma ana jin labari. Kullum kore take karɓa, ta ce farin ciki take, in an zo kanta sai ta cinye minti ukunta tana ba shi labarin mafarkin da ta yi jiya. In agogo ya kaɗa ta sake karɓar wani katin, ta ce mafarkin bai ƙare ba.

Mai aski ya zo da ja. Ya sunkuya a taga ya fara: matarsa minshari take kamar injin niƙa, miyarta ruwa, kuma in uwarta ta zo sai ta yi wata ba ta tafi ba. Abin da Yaya bai yi tunani ba shi ne, tagar nan ba ta da sirri, duk wanda ke benci yana ji. Kuma mai lamba bakwai a bencin, lulluɓe da mayafi, matar mai aski ce, ta zo kawo nata ƙorafin.

"Injin niƙa ko?" ta ce, tana miƙewa. "Uwata ce ta yi wata? Taka da ta yi wata huɗu ta tafi da bokitina fa?"

Aka kaure. Gwaggo ta matsa gefe ta gyara zama don ta fi gani. Yaya na buga tebur yana cewa, "Wannan sabon fushi ne! Ku karɓi sabon kati! Ba a fushi biyu da kati ɗaya!" Da ƙyar mai shagon sayar da kaya na layinmu ya raba su. Da na yi masa magana sai ya ce min ai wannan ma a wajen layi aka yi, tunda ta tashi daga benci.

Ni ma na je. Ya dawo min da zartona haƙora uku sun karye, don ya bi ta kan ƙusa. Na tsaya a taga na ce a ba ni ja.

"Ja ya ƙare," ya ce. "Sai kore."

"Yaya, fushi nake!"

"To ka riƙe shi zuwa gobe, ko ka karɓi kore ka yi farin ciki. Na gaba!"

Na koma shago na yi ta dukan wani katako da guduma, katakon da bai yi min komai ba.

Ana cikin haka sai ga Auta, 'yarsa ta ƙarshe, da jaka a hannu, ido ya kumbura. Shekara ɗaya ke nan da aurenta da wani direban tirela, yaro mai hankali, sai dai kamar ni ne, hannunsa ya fi bakinsa iya aiki. Abin da ya faru: ta yi sati uku tana ɗinka masa rigar filo, ta yi mata ado da zare, har da 'yan furanni a gefe, don in ya kwanta a mota a hanya ya tuna da ita. Ya dawo daga tafiya, ta hau motar ɗauko masa kayan wanki, sai ta tarar da rigar filon a ƙarƙashin kujera, baƙa ƙirin. Da ita yake goge baƙin mai. Da ta yi magana sai ya ce ai tana shan mai sosai, yadin mai kyau ne.

Ta tsaya a gaban ubanta tana shessheƙa. "Baba..."

"Ja ko shuɗi?"

"Baba, ni ce fa."

"Na gan ki. Fushi kike ko baƙin ciki?"

"Duka biyun!"

"Ba a haɗawa. Zaɓi ɗaya, gobe ki zo da ɗayan."

Ta fashe da kuka ta shige wurin uwarta. Shi kuwa ya ɗauko wani tsohon littafi ya rubuta, ya ce min ya buɗe mata fayil. "Wannan ƙaramin aiki ne, Kafinta. Kwana biyu na gyara shi. Amma ba za su ga juna ba sai na haɗa fayil ɗinsu. Ka ga yadda ake aiki da ilimi."

Washegari, sha biyu saura kwata, Maman Auta ta fita sayen zare, sai muka ji ƙasa na girgiza. Direba ne ya shigo layinmu da tirela cike da kaya, ya tsaya a gaban gidan, ya toshe titi ruf, ko keke ba ya wucewa. Ya diro da leda a hannu, ya durƙusa a gaban taga.

"Baba, ina wuni. Don Allah Auta nake son gani. Ƙarfe ɗaya dole in ɗau hanya, kayan mutane ne, kuma wata biyu zan yi ban dawo ba. Ba na so in tafi tana fushi da ni."

"Wane kala?"

"Na'am?"

"Fushi kake?"

"A'a, Baba."

"Kuka?"

"Bai kai nan ba tukuna."

"To farin ciki kake."

"Baba, haƙuri na zo bayarwa."

Yaya ya jawo katunansa. Ya duba ja, ya duba shuɗi, ya duba kore. Ya ɗaga littafi ya leƙa ƙarƙashinsa. Shekara talatin da ɗaya a bayan taga, an zage shi, an roƙe shi, an suma a gabansa, amma ba wanda ya taɓa zuwa ba shi haƙuri, shi ma bai taɓa ba kowa ba. Bai san ana yanka wa wannan kati ba.

"Ba mu da wannan sashen," ya ce.

"To in shiga kawai?"

"Ba a shiga sai da kati."

"To a ba ni kowanne."

"In ba ka na ƙarya? A tagata?" Ya yi tunani, sannan ya miƙo masa kore mai lamba ashirin da uku. "Riƙe wannan na wucin gadi. Ana kan sha ɗaya."

Na fito daga shago. "Kai, Direba, ga ƙofa nan a buɗe, shiga ka ga matarka!"

"Baba Ƙarami, ya ce kar in shiga. Ba zan tsallake maganarsa a gidansa ba."

Sai ya koma roƙon 'yan benci. Gwaggo ce ke da sha biyu.

"Gwaggo, don Allah mu yi musanya."

"Ɗan nan, mafarkin jiya har da jirgin ruwa. Ba zan bari ya huce ba."

Mai aski ya ce zai ba shi sha huɗu, amma ja ne, sai dai in zai yi fushi. Direba ya ce in aka ci gaba a haka zai yi. Ni kuwa na hango labulen tagar sama na motsi. Auta ce, tana leƙe, ta haɗe rai, amma ba ta matsa daga wurin ba.

Agogo ya kaɗa. Sha biyu.

"Hutu!" in ji Yaya, ya zare ƙusa, marfi ya faɗo garam.

Ku tuna tirela na tsakiyar titi. Motoci suka taru gaba da baya. Mai motar ruwa, masu tasi uku, wani da katifa a kan mota, masu babur ba adadi, kowa ya kwanta a kan hon. Mutane suka firfito daga gidaje. Mai tasi ɗaya ya zo yana ihu wa ya ajiye wannan dutsen a hanya, Gwaggo ta ce masa in fushi yake ya jira ƙarfe ɗaya a ba shi ja.

Hayaniyar ta hana Yaya shan shayinsa. Ya ɗaga marfi, ya maƙala ƙusar a gaggauce, ya zuro kansa waje har wuya.

"Wane marar tarbiyya ne ke fushi ba kati a gaban..."

Wata babbar mota ta danna hon, ƙofa ta girgiza, ƙusa ta fice. Marfi ya zamo ya sauka a ƙeyarsa, ya danna wuyansa cikin tsukakken ɓangaren tagar, ya cije a karkace. Ya ja baya, kunnuwa suka ce ba inda za su. Ya tura gaba, kafaɗa ta ƙi. Ga kai a titi, ga sauran Yaya a ɗaki, kuma ya kulle ƙofar ta ciki saboda hutu.

Titi gaba ɗaya aka kwashe da dariya har masu hon.

"Kafinta!" ya ce. "Kawo guduma!"

"Hutu nake, Yaya. Sai ƙarfe ɗaya."

"Ni ne fa yayanka!"

"Na gan ka. Ja ko shuɗi?"

Daidai nan Maman Auta ta dawo da zarenta. Ta ratso taron, ta tsaya ta kalli kan mijinta a jikin ƙofa, ta tambaye ni ko yana numfashi. Na ce har magana yake. Ta ce to madalla. Ta shiga gida, ta fito da gwangwanin maɓallai, ta jawo kujera ta zauna daf da fuskarsa, ta buɗe.

"Lamba ɗaya," ta ce, ta ɗaga jan kati. "Almakashina."

"Maman Auta, a gaban mutane?"

"Kai ka sa benci. Minti uku ko? Gwaggo, duba mana lokaci."

Ta yi almakashi. Ta yi lamba biyu, ranar da ya ce wa ƙanwarta ta yi ƙiba. Ta yi uku, famfon da ya ce zai gyara tun Auta na rarrafe. Duk kati ɗaya in ta gama sai ta ce, "Na gaba!" taron titi su amsa mata. Katin nan goma sha tara ne, na ƙirga. Matar mai aski ta ce a ba ta aron ɗaya.

Direba dai bai yi dariya ba. Ya ga wuyan surukinsa ya fara ja, ya ruga mota ya ɗauko gwangwanin giris, man nan da ake shafa wa ƙarfe, ya shafa masa a kunnuwa da wuya har ya koma sheƙi. Ni ma na ga abin ya isa, na ɗauko guduma da ƙarfen ɓanɓare ƙusa. Na ce amma sai an naɗe masa wuya da ƙyalle, in ba haka ba katakon da ya yanka da hannunsa zai yanke shi.

"Ga ƙyalle nan a ledarka," in ji mai aski, ya fizge ledar ya zazzage.

Rigar filo ce. An wanke ta har ta gaji, an goge, an ninke. Baƙin man bai fita duka ba, furannin sun koma ruwan toka, amma ka san hannu ya sha wahala a kanta.

Direba ya warce ta kamar an taɓa masa ido. "Wannan ba tsumma ba ce!" Ya cusa ta cikin ƙirjinsa, ya tuɓe rigarsa ta sama, sabuwa fil, ya kama ta keee ya yaga biyu, ya naɗe wuyan Yaya da ita.

"Da me ka wanke?"

Muka juya. Auta ce a bakin ƙofar gida, ba wanda ya ga saukowarta.

"Da sabulu uku," in ji Direba. "Da fetur. Da man goge baki, wani ya ce yana yi."

"Ba ya yi."

"Na gani. Auta, ki yi haƙuri. Jaki ne ni."

"Ai yadin mai kyau ne, yana shan mai."

"Bakina ne ya faɗa, ba ni ba."

Ta so ta ci gaba da haɗe rai, bakinta ya ƙi ba ta haɗin kai. Ta karɓi rigar filon, ta juya ta, ta ce ya bar ta a nan za ta sake furannin, ya ɗauki nata filon ya tafi da shi, kuma in ta ji warin mai a jikinsa in ya dawo, to ya nemi wata tagar.

"Ban haɗa fayil ba!" in ji kan Yaya daga jikin ƙofa. "Wannan sulhun ba ya kan tsari!"

Na ɗana ƙarfe na danna, marfi ya tsage, Direba ya dafa goshin surukinsa ya tura, sai ji muka yi fot, sannan rigijib a cikin ɗaki, tare da agogo da kofin shayi. Ɗaya saura minti biyar tirela ta tashi, Auta na ɗaga hannu, titi ya buɗe, kowa ya kama gabansa yana share hawayen dariya.

Da la'asar na shiga karɓar bencina. Na tarar da Yaya a tsakar gida, kunnuwa na ƙyalli, wuya a sanƙare, yana gaya wa mai shago cewa duk dabara ce, da gangan ya sa kansa don ya haɗa su, a aikin taga ana kiran wannan matakin gaggawa. Da mai shago ya fita, sai ya ja jiki zuwa ƙofar ɗakin ɗinki, ya tsaya yana murza hula. Maman Auta na kan keke, ba ta ɗago ba.

"Maman Auta," ya ce a hankali, "dama maganar almakashin nan... da famfo... na ce ko za ki yi haƙuri."

Ta tsayar da keken. Ta buɗe gwangwani, ta duba ja, ta ɗaga maɓallai ta leƙa ƙarƙashinsu.

"Ba mu da wannan sashen, Malam," ta ce. "Gyaro famfon tukuna, ka dawo gobe ƙarfe takwas."